Inda Ruwa Ke Bi a Gonar Baba

Har yau idan wani ya ce mini ƙasarmu shimfiɗe take, babu abin gani, sai in ji zuciyata tana tafasa. A cikin mota suke faɗa, tsakanin Isa da Sabon Birni, gilashi a rufe, suna hamma. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ni ma na taɓa faɗin haka, kuma a gaban mahaifina.

Shekarar da na gama karatu na dawo gida koyarwa, aka zo ɗaga hanyar da ta bi gefen gonarmu ta wajen Unguwar Lalle. Da rani ne. Injiniyan da aka turo bai ma sauke abin awonsa daga mota ba. Ya waiga gabas, ya waiga yamma, ya ce nan ba a bukatar kwalbati, wuri ne kamar tabarma.

Baba kuwa ya san gonar nan taku-taku. Inda yashi ya ɗan tashi nan yake shuka gero, inda ƙasa ta yi baƙi nan dawa. Duk shekara bayan ruwan farko yakan tuɓe takalmi ya zaga, yana bin layin karmami da kashin awaki da ruwa ya tara, da haka yake gane hanyar da ruwan ya bi.

"Malam," in ji Baba, "nan ruwa ka biyowa, tun daga wajen Gangara. In kun toshe mai hanya, cikin gonag ga za shi tsayawa."

Injiniya ya yi murmushin nan da ake yi wa tsofaffi. Ni kuma, da wandona mai guga, kunya ta kama ni.

"Haba Baba," na ce, "ina gangare a nan? Ka bar su, sun yi karatun abin."

Ya dube ni, ya saɓa fartanyarsa ya wuce.

Da damina ta yi nisa, gero ya fid da kai, aka yi kwana uku ana tafka ruwa. Ya biyo daidai inda Baba ya nuna, ya tarar da hanya ta tare shi, ya tsaya. Geron da za mu ci shekara yana tsaye cikin ruwa har gwiwa. Injiniya yana can birni, ƙila ko sunan garinmu ya manta. Wallahi har yau ban yafe masa waigen nan biyu ba.

Da safe Baba ya tara maƙwabta da fartanyoyi za a sare hanyar. Na bi su, ina sunkuyar da kai. Da muka isa sai ya miƙo mini tasa fartanyar.

"To, mai karatu, gwada muna inda za a sara."

Na dubi hanyar, ko'ina ɗaya na gani. Mutane suna jirana. Baba ya shiga ruwan da ƙafa, ya ɗan yi gaba yana lalube, ya tsaya, ya ce a sara nan. Kafin azahar ruwa ya soma ja, amma rabin geron ya riga ya kwanta, kuma rumbunmu bai kai mu rani ba a shekarar.

Bai ƙara tayar da maganar ba har ya rasu, da ma ya zage ni. Yanzu gonar a hannuna take. Duk ruwan farko nakan tuɓe takalmi in zaga, ina bin karmami, babu wanda zan tambaya ko na gane daidai.