Fayil Ɗin Da Yake Gaishe Ni

Mu biyu muka fara aikin, ni da abokina, a wani shago da ke cikin garin Daura inda muke gyaran kwamfuta. Ɗan laburare ne muka rubuta, ko da yake babu littafi ko ɗaya a cikinsa. Ƙunshin rubutun kwamfuta ne da ke juya kwanan watan Musulunci zuwa na Bature, duk mai rubuta manhaja zai iya ɗauka ya saka a tasa. Mun bar shi a buɗe a intanet, kyauta, wanda ya ga kuskure ya gyara.

Irin wannan rubutu ba ya aiki sai an harhaɗa shi, wato a bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya a mayar da su abin da na'ura ke ganewa. Abokina ne ya rubuta fayil ɗin da ke wannan aiki, da hannunsa, dogo ne kuma a karkace kamar yadda yake ba da labari. In fayil ɗin ya gama harhaɗawa lafiya, sai ya rubuto a ƙasan allo: "Sannu da aiki." Ni kuma ban san ranar da na fara amsawa da baki ba. Sai dai in ji na ce, "Yauwa."

Abokina ya rasu a haɗarin mota a hanyar Kongolam. Na ci gaba da riƙe laburaren ni kaɗai, ina gyara ko'ina ban da wannan fayil.

Da masu amfani da shi suka yi yawa, sai ƙorafi ya fara shigowa daga ƙasashen da ban taɓa zuwa ba. Fayil ɗin ba ya tashi sai a irin kwamfutarmu. Wata mai rubuta manhaja ta zauna ta mayar da komai kan sabon tsarin harhaɗawa da duniya ke yayi, ta turo min in amince. Aikinta tsaf, babu abin kushewa, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. A ƙarshen gyaran nata akwai layi guda ja: a goge tsohon fayil.

Na yi ta kawo dalilai. Na ce sabis ɗinmu ba shi da ƙarfi, ta gyara. Na ce ana ɗauke mana wuta ana tsakiyar aiki, ta nuna min sabon ya fi iya ci gaba daga inda ya tsaya. Dalilaina suka ƙare. Gaskiyar ita ce, duk sauran rubutun abokina mun yi ta taɓawa har ya saje da na kowa. Nan ne kaɗai hannunsa ya rage, kuma ba na son in zama wanda zai share shi.

A wajenmu ba a taɓa kayan mamaci sai magada sun sani. Na san lasisin da muka sa wa laburaren ya ba kowa damar gyarawa, amma zuciyata ba ta karanta lasisi. Na hau mota zuwa Baure wajen mahaifinsa.

Na same shi a tsakar gida ana kwaɓa ƙasa. Bayan mun gaisa na yi masa bayani iyakar iyawata.

"Baba, wani abu ne da ya gina, yanzu ana so a cire a sa sabo. Na ce ba zan yi ba sai da izininka."

"Ya lalace ne?"

"A'a, yana aiki. Sai dai yana hana wasu amfana."

Sai ya nuna min wani fili a gefen rumbu. Sai a lokacin na lura ɗakin abokina ba ya nan.

"Damina ta ci gindinsa," in ji shi. "Na bar shi ina kallo, har na ji tsoron kada ya faɗa wa jikoki. Ƙasarsa ce wannan ake kwaɓawa, za mu ɗaga katanga. Ɗana, ka cire. In mutane suka ƙaru da abin, ai wurin abokinka ladan ke isa."

Bai yi kuka ba. Ni ne na kasa haɗa ido da shi.

Washegari da hantsi na buɗe shago, na amince da gyaran. Na yi tunanin in roƙi mai gyaran ta saka gaisuwar a sabon tsarin, sai na fasa. Da ta saka, ba shi ne zai riƙa faɗa ba.

Na sa aka harhaɗa. Layuka suka gudu da sauri, komai ya tafi daidai, allo ya tsaya. Sai na ji bakina ya ce, "Yauwa."

Babu wanda ya gaishe ni.