Karen da Bature Ya Bar Mana

Muna da shekara ɗaya da aure, muna zaune a Unguwar Sarki, sai wata ranar Asabar maigidana ya dawo daga ofis yana tura keke da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da sarƙa. A bakin sarƙar akwai wani kare mai miƙaƙƙun kunnuwa, bayansa baƙi, tsayinsa ya kai ƙuguna. Maigidan akawu ne a ofishin safiyo, na masu awon ƙasa. Baturen da yake aiki a ƙarƙashinsa zai koma ƙasarsu, lokacin nan ne da Turawa suka fara tattara kayansu, shi ne ya bar masa karen.

"Malam, me za mu yi da shi?" na tambaya daga ƙofar ɗaki.

Ya ce, "Gadi zai yi miki. Kin san da rani nakan bi masu awo daji, in yi mako biyu ko uku."

Daga ni har shi ba wanda ya taɓa kiwon ko da kyanwa. Ya je ya tambayi limamin unguwa, aka ce masa don tsaron gida babu laifi, amma a nisanta shi daga tabarmar salla da kwanukan abinci. Na ware masa wani tsohon kasko. Sunansa na Turanci ya ƙi zama a bakina, sai nake ce masa "kai" kawai.

Da maigidan ya yi tafiyar farko, karen ya yi kwana biyu bai ci komai ba. Yana kwance a zaure, fuskarsa na kallon hanya. A rana ta uku na zuba masa tuwo da ƙashin miya, ya cinye, ya tashi ya biyo ni har bakin murhu. Tun daga ranar ya ɗauke ni tamkar kayansa.

Mai kawo mana ruwa ya yar da garwa a zaure bai sake dawowa ba. 'Yan talla suka daina shigowa. Maƙwabciyata ta koma gaishe ni ta kan katanga. Ranar da na yafa mayafi zan tafi barka, karen ya gitta a bakin ƙofa, ya jingina jikinsa da ƙafafuna yana tura ni ciki. Bai yi gurnani ba, amma barkar ba ta yiwu ba.

Mamakinsa ya fi tsoronsa yawa a zuciyata. Nakan zauna ina tsintar shinkafa ina kallon kunnuwansa, ɗaya ya juya wajen titi, ɗaya wajena. Kekuna da yawa suna wucewa zuwa ofisoshi kowace safiya, ko kai ba ya ɗagawa, amma in mutum ya rage tafiya a ƙofarmu, kafin ya yi sallama karen ya riga ya miƙe. Ta yaya yake ganewa? Kuma wa ya faɗa masa cewa ina cikin haɗari?

Da maigidan ya dawo, shi ma aka tare shi. Ya tsaya a zauren gidansa da ƙullin kayansa yana ta sallama, karen na tsakaninmu ya yage leɓe. Ya gwada kalmomin Turancin da ya ji Baturen na faɗa, cikin muryar lallashi, karen bai ko kalle shi ba.

Wadda ta warware mana ita ce Inna mai kitso, wata dattijuwa 'yar ƙauyen Zazzau da takan zo mini duk bayan mako biyu. Marigayi mijinta mafarauci ne, ta yi shekaru cikin karnuka. Karen ya taso mata da haushi, ita kuwa ta tsaya cak, ba ta kalli idonsa ba, ba ta ja baya ba. Da ya gaji, ta ce da ƙaramar murya, "Kauce." Ya kauce.

Tana tsaga mini kai take tambayata, "'Yar nan, in za ki ba shi abinci, wa ke fara zuwa wajen kaskon?"

"Shi, Inna. Tun kafin in zuba yake tura kansa."

"In ya tare ƙofa fa?"

"Sai in fasa fita."

Ta ce, "To ai shi ne mai gidan. Irin wannan kare in ya duba bai ga mai ba da umarni ba, sai ya ɗauki aikin da kansa. Ba mugunta ba ce. Shi ma wahala yake sha."

Ta koya mini in riƙe kaskon a sama har sai ya zauna, in faɗi magana sau ɗaya kada in maimaita, in riga shi zuwa ƙofa in an yi sallama. Ranar farko na tsaya riƙe da tuwo har hannuna ya yi tsami, muna kallon juna, sannan ya ajiye gindinsa a ƙasa a hankali. Cikin wata guda ya yarda in shigo da baƙo ɗaya ko biyu, muddin ni na tarbe su. Maigidan kuwa bai taɓa shawo kan karen ba. Mutum ne mai sanyin hali, in ya ce "zauna" kamar roƙo yake yi.

Da cikina ya tsufa, Inna ta ce mu yi tunani, domin ranar suna mata za su cika gidan, kowa na son ɗaukar jariri, karen kuwa ba zai yarda ba. Ɗanta yana da lambu a bayan Kawo, birai da awaki na yi masa ɓarna. Can aka kai shi, da kaskonsa.

Bayan na haihu na gama wankan jego, na roƙi maigidan ya kai ni lambun. Muka tarar da karen kwance a kan tudu, tsakanin kunyoyin tumatir. Ya taso da gudu, ya shinshina zanena, ya daɗe yana shinshinar ƙafar yarinyar da ke bayana. Sai wata akuya ta leƙo ta shinge, ya bar mu ya tafi wajenta. Muka zauna a inuwar mangwaro, ɗan Inna ya tsinko mana tumatir cike da ƙwarya.