Sandar Mardiyya Tela

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki unguwar Wambai ya san Mardiyya tela, in bai san sunanta ba ya san muryarta. Shekara da shekaru tana taka keken ɗinki a 'yar rumfarta a bakin layinmu. Da ƙafar damar nan ta ciyar da 'ya'yanta tun rasuwar mijinta. Akwai ta da faɗa, amma ba ta taɓa cinye wa kowa yadi ba.

Gab da damina ma'aikatan hukuma suka zo yashe kwata. Kowa ya san aikinsu: su ɗaga murafen siminti, su tara ƙazanta a gefe, su ce gobe za su dawo su rufe. Ruwan farko ya riga goben tasu zuwa, ya shafe titi da kwata suka zama ɗaya. Mardiyya ta fito da safe za ta kai ɗinkin biki, sai ta zurma. Ƙafar damar ce ta karye.

Mai ɗori ya yi nasa, 'yan jaje suka yi ta shigowa suna cewa ƙaddara ce, tana amsawa da amin. Sai ga ƙanenta Bamalli da wani ma'aikacin ofishin masu yashe kwatar, Malam Zakariya, riƙe da ledar lemo. A layinmu in an zo maka haka, "na yafe" ake cewa, a shafa fatiha, magana ta mutu.

"Hajiya, tsautsayi ne," in ji Zakariya. "A yi haƙuri a yafe mana."

"Ƙaddara na karɓa, wannan tsakanina da Ubangijina ne," ta ce. "Amma ba ƙaddara ce ta ɗaga murfi ta yi tafiyarta ba. Ban yafe ba."

"Haba Yaya!" Bamalli ya ce, kunya kamar ya nutse.

"Kai ma in ƙafarka ce, ka yafe."

Washegari suka aiko a yi gyara. Gyaran kuwa shi ne reshen mangwaro da aka soka cikin ramin don masu wucewa su kauce. Wallahi da na gani sai da raina ya ɓaci.

Da ta fara iya miƙewa, ta sa Nneka, maƙwabciyarta mai shagon kayan masarufi, ta taya ta jawo benci suka gicciye shi a bakin ramin. Reshen kuma ta cire, ta sa aka fere mata shi ya zama sanda. Da ita ta dogara ta shiga Keke Napep har ofishin, ta buga ta a ƙasa a gaban teburin Zakariya.

"Na kawo muku murfinku ku gani. Yana mini aiki, ramin ne bai yi wa ba."

Aka ce oga ya tafi Minna. Ta ce ai ita yanzu ba ta da ƙafar taka keke, lokaci gare ta. Haka ta yi ta zarya, har masu gadi suka haddace ƙarar sandar tun daga ƙofa. Wasu a layi suka ce ta cika taurin kai, amma 'ya'yansu ta gefen bencin nan suke bi zuwa makaranta lafiya lau.

A ƙarshe aka kawo murfi aka rufe. Zakariya ya leƙo rumfarta yana murmushi.

"To Hajiya, yanzu dai an yafe ko?"

Ta ɗora ƙafar dama a kan matakin keken, ta danna har gumi ya karyo mata. Keken ya ɗan motsa ya tsaya, allurar ko sauka ba ta yi ba.

"Ka gani?" ta ce. "Ita za ka tambaya. Ranar da ta juya keken nan, ka dawo."

Ta sauke ƙafar, ta kama ƙarfen juya keken da hannu, ta ci gaba da ɗinkinta.