Waken da Kawu Yake Watsawa

Jiya a kasuwar Gwaram wake ya zube daga kwanon wata mata, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai. Farfesan lissafi ne, mai binciken ƙa'idar da ke ɓoye cikin hargitsi. Da ya zo hutu Birnin Kudu, ya watsa wake a tabarma, waken yana ƙara kamar yayyafi, ya ce mini, "Ɗana, ƙwaya ɗaya ba ka san inda za ta faɗa ba, amma mudu guda yana da tsari." Maƙwabta suka leƙo, suka yaɗa cewa duba yake yi. Ranar jana'izarsa sahu biyu bai cika ba, alhali ɗalibansa na ƙasashen waje suna bugo waya suna kuka. Allah Ya ba shi maƙwabtan da suka fi mu.