Lambobin Jamus na Babana

Babana tsohon soja ne. Ya yi yaƙin Turawa na farko, kuma da aka gama ba a sallame su nan take ba, aka kai su tsaron wani gari a ƙasar Jamus, bakin wani babban kogi. Can ya tarar da tsofaffin sojojin Jamus suna da ƙungiyoyinsu, kowace da lambar ƙarfe da suke maƙalawa a ƙirji. Ba sa ƙaunar ganin baƙin soja. Wata rana mutum uku suka tare shi a lungu da kwalabe, suka fasa masa goshi. Ya karya wa ɗaya muƙamuƙi, sauran suka gudu. Da ya buɗe hannunsa sai ga lamba da guntun rigar mutumin.

Daga nan ya kamu da tara su. Yunwa ake yi a garin, sai ya riƙa ba da burodi da taba yana karɓar lambobi. Ko bayan ya dawo ƙauyenmu kusa da Buza bai daina ba. In ya ji wani tsohon soja yana da guda, sai ya hau jaki har Keita ko Madawa, ya ba da akuya ya karɓo. Akwai mai mikiya, akwai mai gicciye, akwai mai ganyen wani icce da ba mu da shi. Ya jera su a kan fatar rago ya rataye a ɗakinsa.

A shekarun yaƙi na biyu na zo gida wankan jegon ɗiyata ta fari. Wata hantsi dogaran kumandan, Baturen mulki na Madawa, su huɗu suka shigo garin karɓar hatsi. Suka fasa rumbunmu, Baba yana tsaye yana kallo. Sai babbansu, wani dogo mai jan rawani, ya kutsa ɗaki ya fito da fatar.

"Tsoho, mi ne ne wanga?"

"Kayana ne. Aje su."

"Ashe ɗan Jamus muke da shi a Adar! Kai kake kai musu labari?"

"Na kashe Jamusawa kana goye a bayan uwarka," in ji Baba.

Dogon ya zuba masa dorina a fuska. Na ji ƙarar kamar an tsaga ƙwarya. Baba ya dafe ido, jini yana bi ta tsakanin yatsunsa, amma da ɗaya hannun ya cafke wuyan mutumin suka zube ƙasa tare. Sauran ukun suka rufe shi da gindin bindiga, a haƙarƙari, a baya, a ka. Inna tana kururuwa tana kiran maƙwabta, babu wanda ya leƙo.

Ni ina bakin murhu, tukunyar ruwan wankana tana tafasa. Ban yi shawara da kowa ba. Na kwantar da jaririya a tabarma, na sa zane na sungumi tukunyar, na juye ta a wuyan dogon da kafaɗarsa. Ihun da ya yi sai da jakuna suka tsinke igiya. Rawanin ya manne masa a fata, yana birgima yana yage shi.

Ɗaya daga cikinsu ya naushe ni a baki, haƙorana biyu suka fita. Suka ɗaure ni a turken doki suka yi ta tsula mini bulala har na daina jin zafi. Baba kuwa suka ɗaure hannuwansa da igiya a sirdi, suka ja shi zuwa Madawa, in ya faɗi su ja shi a kan duwatsu har ya miƙe. Ni suka bar ni saboda wani dattijo da ya shigo daga baya ya ce musu in jaririyar ta mutu alhakinta yana wuyansu.

Nonona ya ƙafe saboda zazzaɓi. Matar yayana ce ta shayar da ɗiyar tare da nata ɗan.

Baba ya ba mu labari daga baya cewa kumandan ya shimfiɗa fatar a kan tebur, ya riƙa ɗaga lambobin ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ta bakin tafinta inda aka samo kowace. Ya gane Baba ba ɗan leƙen asiri ba ne. Duk da haka ya zuba su a aljihun teburinsa, ya tura shi fasa dutsen hanya saboda ya taɓa dogari.

Sai bayan girbi Baba ya dawo, idon hagu ya mutu, yana tafiya a karkace. Bai sake riƙe hauya ba. Da na durƙusa gaishe shi, ya daɗe yana kallon giɓin bakina, sannan ya ce, "Ɗiyata, ruwan ya tafasa sosai?"

Na ce, "Ya tafasa, Baba."

Ya ce, "Madalla."

Shekaru bayan haka na ga dogon a kasuwar Bangi, an sallame shi daga aiki, yana sayar da albasa. Wuyansa ya shanye gefe guda, ba ya iya waiwayawa sai ya juya jikinsa duka. Ya yi mini tayin albasa, bai gane ni ba. Na taya ta da arha, ya sallama, na sa ɗiyata ta ɗauka muka wuce.