Birkin da Na Taka a Ƙofar Gidan Makoki

Shekarun baya, lokacin da kaina ke rawa da sabuwar mota, na yi wani abu da sai yanzu bakina ke iya faɗa.

Sana'ata dakon kayan gini ce: tayil, siminti, kwanon rufi. Na daɗe ina fama da tsohuwar a-kori-kura, sai Allah ya hore mini na sayi ta zamani, mai allo a gaba kamar talabijin. Ranar da na shigo da ita Rafin Guza har mai shayi sai da ya bar tukunyarsa ya zo kallo. Ni kuwa sai cika baki nake: "Wannan ai ido gare ta. Ko gyangyaɗi ka yi, da kanta take taka birki."

Ba a yi sati ba na fara cizon yatsa. Wanda ya ƙera motar nan bai taɓa ganin Kaduna ba, na rantse. Mai keke ya gifta, ta yi ƙara. Ɗan acaba ya matso, ta yi ƙara. In kauce wa rami, sai in ji sitiyari yana kokawa da ni, wai na bar layina. Wane layi kuma? Rannan a Doka ta ƙame a tsakiyar titi don mai rake ya tsallaka, tayil ɗin mutane suka farfashe a baya. Makanikina ya nuna mini inda ake kashe abin da ke sa ta taka birki da kanta, can cikin allon, danna nan, shiga can. Amma da ka kashe inji ka sake tayarwa, sai ya dawo. Ni da motata, kullum da safe sai na lallaɓa ta ta bar ni in yi tuƙi.

Ana cikin haka mahaifin abokina ya rasu. Kafinta ne, dattijo mai shiru, ban taɓa jin wanda ya kawo ƙararsa ba. A unguwarmu mai buɗaɗɗiyar mota shi ke ɗaukar makara, ba sai an roƙe shi ba. Na kashe abin tun daga gida, na zo. Da aka tayar da sallar jana'iza na kashe inji na shiga sahu. Aka ɗora makara, abokina da ƙannensa suka hau suka riƙe ta, na tayar da mota. Wallahi na manta shaf cewa abin ya dawo.

Kun san lungunanmu, kun san yadda ake rakiyar gawa. Mutane gaba, mutane baya, wasu na dafe da ƙarfen mota. Ba mu yi nisa ba sai motar ta fara kuka, ta ƙame. Na ji makara ta bugi ƙarfe a bayana. Na ba ta wuta, muka ɗan gusa, ta sake tsayawa. Ina ta danne-danne a allo, na kasa gano wurin, har rediyo na kunna a gaban gawa. A tsayawa ta uku na ji wani ta taga yana cewa, "Inna lillahi. Ya ƙi tafiya."

Wani ya amsa ƙasa-ƙasa, "Allah kaɗai ya san abin da mutum ke ɓoyewa."

Na leƙo ina ihu, "Motar ce, jama'a! Ku matsa daga gabanta!" Liman ma ya tsawata, ya ce a ji tsoron Allah. Amma wa zai saurara? Ba ni ne na cika unguwa da cewa motata ba ta kuskure ba? Aka sauke makara aka ɗauka a kafaɗa. Jama'a suka bi ta, gabana ya zama fili, motar ta tafi sumul. Wannan ya ƙarasa lalata komai. "Ka gani ko? Ana sauke shi ta tashi."

Kafin mu dawo daga maƙabarta maganar ta riga mu shiga gida. Kwana biyu ban iya zama wuri ɗaya ba. In zauna a tabarmar makoki, in tashi, in koma. Duk wanda ya zo gaisuwa sai na tare shi da bayanin na'ura, shi kuwa ya gyaɗa kai irin na "na ji, amma dai". Abokina ba ya ko iya ɗaga ido. Mutum ya shekara saba'in yana tsare mutuncinsa, motata ta zubar da shi a tafiyar minti goma.

Rana ta uku mahaifiyar abokina ta aiko a kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, tana zaune da carbi.

"Ɗan nan," ta ce, "shekara arba'in da wani abu ina tare da shi. Mata suna shigowa suna kallona da tausayi iri biyu. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, motar ce ko shi ne?"

"Wallahi Mama, motar ce. In ta ga mutum a gabanta, tsayawa take."

"To nuna mini. Ina son idona ya gani."

Tana takaba, don haka iyakarta bakin zaure. Na kawo motar kan layi, bayanta fayau ba kowa. 'Yan zaman makoki suka miƙe. Abokina ya je ya tsaya a tsakiyar hanya, ya harɗe hannu. Na duba, abin a kunne yake. Na taho a hankali, na ɗage ƙafata, ina jiran kukan nan da ya hana ni sakat wata da watanni.

Shiru. Motar da ke tsayawa don akuya, ranar nan ko uffan. Tana ta matsawa, shi kuma ya ƙi gusawa, ya yarda da ita saboda ni na ce. Da na ga saura taku biyu, na take birki da ƙafata da dukkan ƙarfina, na ɗaga hannuwana sama kamar ba ruwana.

Wurin ya ɗauki kabbara. Na waiga, na ga Mama ta jingina da bangon zaure tana share hawaye da bakin hijabi. "Alhamdu lillahi," ta ce. "Na san shi." Daga ranar maganar ta mutu a unguwa.

Makanikina ya ce wataƙila rana ce ta haske wa abin ido, wataƙila ƙura. Shi ma bai sani ba. Ban daɗe ba na sayar da ita, na koma irin wadda sai abin da ƙafata ta ce.

Har yau in na tuna sai in kasa zama. Gaskiya na faɗa mata a bakin ɗaki, amma da ƙarya na tabbatar da ita a kan layi, kuma ban san yadda za a rubuta mini wannan ba. Mama ta rasu bara, shi ya sa na samu bakin magana. Kafin in rubuta muku sai da na je na gaya wa abokina. Ya dube ni ya ce, "Ai na ga gwiwarka ta motsa. Me kake tsammani ya sa ban matsa ba?"