Lesieli Mai Kai Baƙi Ganin Gari

A cikinmu 'yan Tonga mazauna Sidni, in aka ce wane ya zo daga gida, ba a tambayar inda ya sauka. Gidan Lesieli ne, can Mount Druitt, mai takalma jibge a baranda. Ba ita ta fi kowa ɗakuna ba, ba kuma ita ta fi kowa samu ba. Laifinta ɗaya, ta yi wa baƙon farko kirki, shi kuwa ya koma gida ya ba da labari.

Tana budurwa ta zo ƙasar nan, da akwati ɗaya da tabarmar da uwarta ta saƙa mata. Ta samu aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma a can ta tsufa ita ma: ta ɗaga wannan, ta yi wa wancan wanka, ta lallaɓa wata ta haɗiye magani, tun safe tana tsaye har la'asar. Ta auri Semisi, mai tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito, mutum mai yawan dariya da ƙarancin tunanin gobe. 'Yarsu ɗaya, Lupe, ta yi aure a wani gari. Lahadi ta coci ce, ba a taɓa ta. Asabar kaɗai ta rage wa Lesieli, ita ce kuma baƙi suka cinye.

Baƙo in ya zo, dole a kai shi gari. A hau jirgin ƙasa da sassafe, a sauka a tashar jiragen ruwa, a taka zuwa Gidan Opera, shahararren gidan waƙe-waƙen nan na bakin ruwa, a hau matakala a ɗauki hoto, a juya a ɗauki wani da gada a baya. Da can iyakar abin ke nan. Sai wata shekara wani kawu ya ce shi fa yana son hawa jirgin ruwa, aka kai shi Manly ya ci kifi da soyayyen dankali a bakin teku. Wanda ya biyo bayansa ko gaisuwa ba a gama ba ya ce, "Yaushe za mu Manly?" Shi ke nan Manly ta shiga. Bakin tekun Bondi ya biyo ta. Semisi, don neman suna, ya kai wani abokinsa gidan namun daji, shi ma ya shiga. Duwatsun Blue Mountains kuwa, tafiyar wuni guda, surukar wani ce ta jawo su. Abu in ya shiga ba ya fita, domin a ƙauye can gida ana zama a gwada hotuna, kuma wanda aka kai wuri uku, in ya ji an kai maƙwabcinsa huɗu, to an raina shi ke nan, shi da danginsa har kakanni.

"Baban Lupe," takan ce wa mijinta, "an ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Amma a gidan nan kai ke jan ruwan, ni nake jiƙewa."

"Haba, Maman Lupe! Wurin da mutane ke tsallako teku su gani, ke duk sati kina can. Sarauniya ma ai sai haka."

"To ran Asabar ka zama sarauniyar."

"Ina da aiki."

Kullum yana da aiki ran Asabar. An rasa gane ko siton ne ke buƙatarsa ko shi ke buƙatar siton.

Ita dai Lesieli ta daɗe da daina ganin wuraren nan. In baƙi suna kallon teku suna salati irin nasu, ita benci take nema. In suna nuna tsuntsaye, ita tana lissafin wa ya ɓace a cikin taro, wa ke neman bayan gida, wa ya bar jakarsa a jirgi. Ta riƙe wa kowa rigar sanyi, ta ɗauki hoto, ta sake ɗauka domin wata ta rufe ido. Da yamma a dawo gida ta ɗora tukunyar doya da gwaza, baƙi na miƙe a falo suna cewa sun gaji.

Ciwon sukari ya kama ta kamar yadda ya kama uwarta. Ta yi ta sha'aninta, har wani ɗan miki ya fito mata a tafin ƙafar hagu ya ƙi warkewa. Likitar da ta duba ta ta daɗe tana kallonsa.

"Yana miki zafi?"

"Ko kaɗan, likita."

"Abin da ya sa nake tsoronsa ke nan. Ƙafar nan ta daina jin zafi, ba za ta gaya miki ranar da za ta lalace ba. Ki je gida ki ɗora ta a kan matashi. Ba aiki, ba kasuwa, ba yawo. In kika ci gaba da taka shi, abin da ke biyo baya wuƙa ce. Kin ji ni?"

Ta ji. A wurin aikinta ta sha tura keken tsofaffin da aka yi wa wuƙar.

A cikin satin nan Gwaggo Seini ta sauka.

Gwaggo Seini yayar marigayi Manase ce, mahaifin Lesieli. A wurinmu 'yar'uwar uba ba baƙuwa ba ce kamar sauran. Ita ke zama a gaba ranar biki da ranar makoki, abin da ta nuna a gidanka ya zama nata, kuma ita ce ta raɗa wa Lesieli suna da bakinta. Ta haura saba'in, ba ta taɓa hawa jirgin sama ba sai wannan karon, kuma ta zo da hotunan kowa a kanta.

Lesieli ta kira ƙanenta Taniela, wanda ke zaune ba nisa, da mota babba da ƙafafu biyu lafiyayyu.

"Taniela, Gwaggo ta iso. Ran Asabar ka kai ta gari."

"Kai, Yaya! Ran Asabar yarana na da wasan ƙwallo, ni ke horar da su. Kuma ni ban san hanyoyin nan ba, sai in ɓatar da tsohuwa. Ke ce gwana."

"Ƙafata ce ba lafiya."

"Sannu, Yaya. Ki sa takalmi mai laushi."

Semisi da ya ji ya ce, "Ki faɗa wa Gwaggon mana. Ba dodo ba ce."

"In ce mata me? Na kai matar fasto, na kai surukar wane, na kai ɗan da ya sace mana tawul, sai da aka zo kanta zan ce ƙafa? Da wane bakin?"

Semisi ya sosa ƙeya. Ran Asabar kuwa, ka san inda yake.

Lesieli ta naɗe ƙafar da bandeji, ta cusa ta a tsohon takalmin mijinta don ya fi faɗi, suka kama hanya. Gwaggo ta sha baƙar riga, ta ɗaura 'yar tabarmarta ta mutunci a ƙugu, tana tafe gaba kamar mai zuwa karɓar gado. Matar da har yanzu ke noma gonarta da hannunta, ina ruwanta da gajiya?

A gaban Gidan Opera ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Shi ne wannan? A hoto ya fi fari."

"Shi ne, Gwaggo."

"Ba sa wanke shi ne? To, matar fasto a tsakiyar matakala ta tsaya. Ni a can sama za ki ɗauke ni."

Suka hau. Gwaggo ta duba hoton ta ce rufin bai fito ba, sai Lesieli ta sauka ƙasa ta ɗauko daga can. Ta sauka. Aka ce yanzu kuma fuska ta yi ƙanƙanta. Ta hawo rabi. Aka ce a zagaya ta bayan ginin a ga ko akwai wurin da ba a taɓa kai kowa ba. Lesieli na biye, da jakar abinci a kafaɗa ɗaya da rigar sanyin Gwaggo a ɗayar, tana dafa bango in tsohuwar ta juya baya.

Sai da suka shiga jirgin Manly ta samu ta zauna. Gwaggo na jikin taga tana tsara sati: Litinin duwatsu, Talata namun daji, Bondi kuma a bar ta sai rana ta fito sosai. Lesieli na cewa to, to. Ta sunkuya don ta gyara jaka, idonta ya sauka a kan takalmin. Gefensa ya jiƙe ya yi duhu, kuma a ƙasan jirgin, daga ƙofa har inda take zaune, akwai 'yan tambura jajaye. Ba ta ji komai ba. Ko ƙaiƙayi.

Jirgi ya ratsa inda ruwa ke rawa, ya shiga kwana, ya jingina da tasha. Daga nan zuwa bakin teku sai an bi doguwar hanyar shaguna, a dawo ta ita. Mutane suka miƙe. Gwaggo ta miƙe ta gyara tabarmar ƙugunta.

"Tashi mana, 'yar Manase."

Lesieli ta kalli ƙofa, ta kalli takalmi.

"Gwaggo, ba zan sauka ba."

"Me kika ce?"

"Ba zan iya kai ki ba. Yau ko Litinin ko Talata. Ki yi haƙuri."

Ta faɗi haka kanta a sunkuye kamar yarinyar da ta fasa tulu. Gwaggo ta tsaya a kanta har jirgin ya kusa zama fanko.

"Kowane kare da doki kin kai shi," ta ce a hankali. "Ni ce ban isa ba?"

Lesieli ta zare takalmin, da ƙyar ya fita. Bandejin ya rine.

Wani ma'aikacin jirgi ya zo yana cewa kowa ya sauka, nan ne ƙarshen tafiya. Gwaggo ba ta jin Turanci, ta dai ɗago ta yi masa kallo ɗaya. Ya dubi tsohuwar, ya dubi ƙafar, ya juya ya dawo da akwatin magani, bai ƙara maganar sauka ba.

"Tun yaushe?" in ji Gwaggo.

"Kafin ki zo likita ta ce kar in taka."

"Kika bar ni ina hawa da sauka da ke kamar akuya? Ke so kike a ce a ƙauye Seini ta je Sidni ta cinye ƙafar 'yar ƙanenta? Wannan ce tarbiyyar da Manase ya ba ki, ki rufe ni kamar baƙuwa?"

"Kunya na ji, Gwaggo."

"Kunyar banza. Ba ni wayar nan. Kira min Taniela."

Abin da ta faɗa wa Taniela, fasinjojin da suka shigo don komawa gari ba su fahimci kalma ɗaya ba, amma duk sun yi tsit. Kafin jirgi ya koma tashar gari yana tsaye yana jira, da rigar horar da 'yan ƙwallo a jikinsa, ya ajiye mota inda ba a ajiyewa. Gwaggo ba ta ƙara yi wa Lesieli magana ba har asibiti.

An cire ɗan yatsa guda da ɗan abin da ke bayansa. Ƙafar ta tsira. Taniela ne ya kai Gwaggo duwatsu ran Litinin, suka tarar hazo ya rufe su ruf, ta sa ya sake kai ta ran Laraba. Namun daji da Bondi ma shi ya sha su, ya rame a sati guda. Ranar da Gwaggo za ta koma gida ta zo asibiti, ta tsaya daga ƙofa ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi," ta juya. Ko zama ba ta yi ba.

Da ta isa gida, bayan an tashi daga coci, ta tara dangi ta kafa doka: daga yau ba mai sauka gidan Lesieli sai da izininta. Ba ta faɗi dalili ba, ba kuma wanda ya isa ya tambaye ta. Har yau ba ta ba kowa izinin ba. Ƙauye ya rabu biyu. Wasu suka ce Lesieli ta wulaƙanta gwaggonta a tsakiyar ruwa, shi ya sa aka yanke ta daga dangi. Wasu suka ce ai gata aka yi mata. Masu cewa an yanke ta sun fi yawa, domin nasu labarin ya fi daɗin ji. Yanzu in an zo daga gida sai a sauka wurin Taniela, a leƙo Lesieli a gaishe ta a tsaitsaye, wasu ma ba sa leƙowa.

Lesieli ta koma aiki, na zaune aka ba ta, tana ba tsofaffi abinci a baki. Na taɓa tambayarta wanne ne gaskiya a cikin maganganun biyu, fushi ne ko tausayi. Ta daɗe tana juya cokali a kofin shayi.

"Ni ma ban sani ba," ta ce. "Duk Kirsimeti ina kiranta. Ta amsa gaisuwa, ta ce yaya ƙafa, in ce da sauƙi, ta ce to, ta miƙa wa wani wayar."

Ta yi hamma mai tsawo, ta ce in ja mata ƙofa in zan fita.